Kwamfuta Ba Ta Gumi

A watan Afrilun bara wani ƙanena ya ɗauko kwamfutarsa daga Ruwan Bore a bayan babur, cikin buhun taki, ya kawo mini ita Gusau. Da ita yake cin abinci: ya buga wa mutane takarda, ya cike wa ɗalibai fom, ya tsara katin ɗaurin aure. Ya dire ta a gabana yana share zufa, ya ce, "Yaya, abin nan kamar mai iskokai. Da safe lafiya lau take aiki. Da an yi azahar sai ta kama gurnani, ta yi nauyi, kafin la'asar ta ɗauke da kanta."

Sau biyu ya kai ta gyara, sau biyun aka ce masa bairos ne, aka goge komai aka zuba sabuwar Windows, aka karɓi kuɗinsa. Na ce masa, wane irin bairos ne wannan mai jiran kiran salla? Na kwance murfin gefe. Tsakanin fanka da ƙarfen da ke ƙarƙashinta, ƙura ta haɗu da zare da gashi ta zama kamar bargo, har ana iya ɗagawa da farce a ciro ta ɗungurungum. A wani lungu kusa da fawa-fak, akwatin da ke raba wa kayan ciki wuta, zanzaro ya yi gini ya gama, ya tafi abinsa.

Na san a Tsafe da Bungudu da ƙauyukan da ke tsakani akwai kwamfutoci da yawa masu wannan ciwon, kuma ana yi musu maganin da ba nasu ba. Shi ya sa nake ganin gara a yi bayanin abin daga tushe.

Mu a nan akwatin gaba ɗaya muke kira sifiyu. Amma ainihin mai sunan wani ɗan falle ne a tsakiyar babban allon cikin akwatin, wanda ake kira firosesa, shi ke yin duk lissafin. In ka cire murfin ƙarfen da ke kansa, abin da ke ciki bai wuce farcen babban yatsa ba. A kan wannan ɗan fili an jera maɓallan lantarki fiye da biliyan guda, kowanne yana kunnuwa yana mutuwa. Idan ka ga an rubuta 3.2 GHz a jikin kwali, ana nufin bugun da ke kaɗa su yana faruwa sau biliyan uku da miliyan ɗari biyu a daƙiƙa ɗaya. Duk kunnawa da kashewa na cin ɗan lantarki, kuma lantarkin nan ba ya ɓacewa, zafi yake komawa. Babur yana ƙona mai, wani sashe ya zama tafiya, saura ya zama zafi. Firosesa ba ta zuwa ko'ina, saboda haka kusan duk wutar da ta sha zafi take fitarwa.

Tsofaffin Dell da HP na ofis, waɗanda ake shigo da su gwanjo a saye su a titin Beirut na Kano ko a Ikeja, firosesarsu na fitar da zafin da ya kama daga wat 50 da ɗoriya zuwa 80 da ɗoriya idan aiki ya yi nauyi. Za ka ce ai kaɗan ne, tunda dutsen guga na lantarki yana jan wat 1000. Amma dubi faɗin gindin dutsen guga, ka dubi faɗin farce. In aka raba zafin bisa faɗin wurin da yake fitowa, na firosesa ya ninka na dutsen guga sau da yawa. Da za a kunna ta tsirara ba komai a kanta, ba za ta yi minti guda ba za ta kai maƙura.

Wannan matsala ta taɓa tsayar da manyan kamfanoni cak. A shekarar 2004 manyan Pentium 4 sun kai wat 115, kamfanin Intel ya fasa fitar da mai gudun 4 GHz da ya yi alkawari, ya sauya hanya zuwa haɗa ƙwaƙwalwa biyu ko fiye masu matsakaicin gudu a falle ɗaya. Core 2 Duo da ta fito a 2006 ta fi waccan aiki, da wat 65 kacal. Dalilin sauya hanyar shi ne idan ana son ƙara gudu sai an ƙara ƙarfin wuta, zafi kuwa yana hauhawa fiye da yadda gudun ke ƙaruwa. Har yau akwai irin waɗancan Pentium 4 a wasu ofisoshi da makarantu namu, suna ta huci kamar maƙera.

To ina zafin yake bi ya fita? Ka tuna ranar zubin kankare, yadda leburori ke jeruwa suna miƙon kwano daga hannu zuwa hannu har saman gini. Firosesa ta miƙa wa murfinta, murfi ya miƙa wa wani man shafawa, man ya miƙa wa ƙarfe mai haƙora, ƙarfen ya miƙa wa iska, iska ta fita daga akwati zuwa ɗaki, ɗaki ya fitar waje. Mutum ɗaya ya yi sanyin jiki a layin nan, kwanuka za su taru a baya, komai ƙarfin sauran.

Ƙarfen mai haƙora, wanda masu gyara ke kira hitsink, yawanci na alminiyum ne, wani lokaci da ƙullin jan ƙarfe a gindinsa. Jan ƙarfe ya fi alminiyum saurin ɗaukar zafi kusan ninki biyu, sai dai ya fi nauyi da tsada, shi ya sa ake sa shi a inda ya fi muhimmanci kawai. Haƙoran kuwa don a samu fili ne. Mai shayi idan yana son ya huce shayi, ba ya barinsa a kofi ɗaya, yana ɗaga hannu ya zuba daga kofi zuwa kofi don iska ta taɓa ko'ina. Haka haƙoran nan suke baje zafin farce ɗaya a kan fili mai faɗin faranti da yawa, fanka kuma ta tura iska tsakaninsu ta kwashe.

Man da ke tsakani, wanda suke kira fes, shi aka fi yi wa mummunar fahimta. Mutane suna ɗauka shi ke sanyayawa, sai su lafta shi kamar ana shafa bota a burodi. Gaskiyar magana ƙarfe ya fi shi ɗaukar zafi nesa ba kusa ba. Amfaninsa ɗaya ne. Fuskar murfin firosesa da gindin hitsink, duk santsinsu a ido, suna da ƙananan ramuka, kuma idan aka haɗa su iska ke maƙalewa a ramukan. Iskar da ba ta motsi kuwa tana cikin abubuwan da suka fi hana zafi wucewa, shi ya sa bargo ke ɗumama mutum a hunturu. Man yana cike ramukan ne ya kori iskar. Ɗigo ɗaya kamar ƙwayar wake a tsakiya ya isa, matsin ƙarfen zai baje shi. Bayan shekaru yakan bushe ya tsattsage kamar ƙasar fadama a rani, sai a goge shi da sifirit da tsumma mai tsabta a sa sabo. Na taɓa buɗe wata na tarar da man goge baki, wata kuma giris ɗin inji. Man goge baki ruwa ne a cikinsa, da ya bushe ya zama alli.

A wasu kwamfutocin za ka ga bututun jan ƙarfe biyu ko uku sun taso daga gindin hitsink sun ratsa haƙoran. Wannan dabara tana burge ni, domin dangin randa ce. Kowa ya san ruwan randa ya fi na bokiti sanyi: yana tsattsafowa ta jikin yumɓu, ya bi iska, kuma ruwa ba ya zama tururi sai ya ɗebi zafi ya tafi da shi. Da wannan hikima Mohammed Bah Abba, malamin kwalejin kimiyya da fasaha a Dutse ta jihar Jigawa, ya yaɗa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan miya, har ya sami kyautar Rolex a shekarar 2000. A cikin bututun nan ma ɗan ruwa ne aka zuba, aka zuƙe iskar ciki, aka like. Da yake babu matsin iska, ruwan yana tafasa tun zafi bai yi nisa ba. Ya zama tururi a gindi, ya ruga can sama inda fanka ke busawa, ya huce ya koma ruwa, ya tsotso ta jikin bututun ya dawo gindi. Randa sai an riƙa ƙara mata ruwa, wannan kuwa ruwansa ɗaya yake juyawa shekara da shekaru. Kada dai a lanƙwasa shi ko a huda shi, in ya sha iska ya tashi aiki.

Yanzu ga inda nake so mai karatu ya tsaya ya natsu. Idan ka zauna gaban fanka ka ji sanyi, gumin jikinka ne yake bushewa yana tafiya da zafi, kai ma randa ce. Kwamfuta ba ta gumi. Fanka ba za ta iya saukar da ita ƙasa da zafin iskar da take turo mata ba, iyakarta ta rage tazarar da ke tsakanin zafin firosesa da zafin ɗaki. A ce wata kwamfuta tana aiki mai nauyi, hitsink ɗinta yana riƙe ta a digiri 45 sama da iskar ɗaki. A ofis mai na'urar sanyaya ɗaki inda ma'auni ke nuna 22, firosesa za ta tsaya a 67, hankali kwance. Ka ɗauko ita wannan kwamfutar ka ajiye a shago mai rufin kwano ba silin, a Ruwan Bore, ƙarfe biyu na rana a watan Afrilu. A inuwa ma zafin ƙasar Gusau yana taɓa 40 a irin wannan lokaci, ƙarƙashin kwano kuwa ya wuce haka. A ce 43. Firosesa ta koma 88, ba tare da komai ya lalace a cikinta ba. Sai ka ƙara bargon ƙura da busasshen fes, su ƙara digiri 15. Ka wuce 100.

A nan ne iyakar take. Yawancin firosesar Intel an yi musu shinge a wajen digiri 100, na AMD da yawa a 95. Akwai ma'aunin zafi a cikin fallen kansa. Da an doshi shingen, allon zai fara ƙara wa fanka gudu, gurnanin da ƙanena yake ji ke nan. In bai isa ba, firosesa ta rage wa kanta gudu don ta rage cin wuta, nauyin da yake gani ke nan. In duk da haka zafin bai sauka ba, ta yanke wuta gaba ɗaya don ta tsira da ranta. Abin da ya kira iskokai, tsari ne da aka gina mata tun daga masana'anta. Kamfanonin ma ba su ɓoye ba: a takardun yawancin kwamfutocin ofis an rubuta cewa an yi su ne don ɗakin da zafinsa bai wuce digiri 35 ba. Mu kuwa daga Maris zuwa saukar damina, kusan kullum da rana muna ƙetare wannan layi.

Firosesa ta iya kare kanta. Abin tausayi su ne maƙwabtanta, musamman kafasita, 'yan gwangwanayen nan da ke tsaye a kan allo da cikin fawa-fak. Akwai ruwan sinadari a cikinsu da zafi ke busarwa a hankali, kuma ƙa'idar da injiniyoyi ke bi ita ce duk ƙarin digiri 10 yana raba tsawon ransu biyu. Idan ka buɗe akwati ka ga kan ɗaya ya kumbura ko yana tsiyayar wani abu ruwan ƙasa, ka san ya kusa. Irin wannan kwamfuta ce wata safiya za a danna maɓalli ta yi shiru, a ɗora wa masu wuta laifi.

Lissafin ɗaki ya fi fitowa fili a cibiyoyin jarrabawa. Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, kuma zauren da ta amince da shi yana ɗaukar ɗalibai 250 a zama ɗaya. A 2024 an fara jarrabawar ranar 19 ga Afrilu, a 2025 ranar 24 ga Afrilu, wato tsakiyar bazara. A ce kowace kwamfuta da allon kallonta suna fitar da wat 60, ka samu 15,000. Jikin ɗan Adam a zaune yana fitar da kimanin wat 100, ɗalibai 250 sun ba da 25,000. Jimilla 40,000, kamar an jona dutsen guga arba'in an rufe ƙofa, kafin ma a lissafa ranar da ke dukan rufi. Na'urar sanyaya ɗaki mai doki ɗaya da rabi tana kwashe kimanin wat 3,500, don haka ana bukatar sama da goma, dukkansu lafiyayyu, janareta kuma yana ɗauke da su. Fankar sama ko ɗari ce, in tagogi a rufe suke, juya zafin kawai take yi a ɗaki. Yaron da ya taso daga Ruwan Bore ko Kwatarkwashi tun asuba ya zo Gusau, kwamfutarsa ta ɗauke ana tsakiyar jarrabawa, ba ruwansa da wannan lissafi, amma shi zai kwana da baƙin ciki.

Ƙurarmu kuma ba ta wasa ba ce. Hazon da ke rufe mu daga Nuwamba zuwa Fabrairu, mafi yawansa daga kwarin Bodele yake tasowa a ƙasar Chadi, tsohon gindin tafki da ya ƙafe, wurin da ya fi ko'ina a duniya tayar da ƙura. Gari ce mai laushi kamar hoda, ba ta jin ƙofa ba ta jin taga. Kwamfuta kuwa tun da aka kunna ta zuƙar iska take yi har a kashe. Sai ta kwashe hunturu tana tara bargo ba wanda ya lura, domin iskar lokacin da sanyi, tana rufa asiri. Bazara na shigowa asirin ya tonu. Saboda haka lokacin shara mafi dacewa shi ne ƙarshen Fabrairu, kafin zafi ya kankama, sai kuma a sake bayan kaka.

Sharar ba ta da wuya. A cire wayar wuta daga bango, a fitar da akwatin waje, a hura da bulowa, a bi lunguna da busasshen burushin fenti. A dafe fanka da yatsa ko tsinke lokacin hurawa, don in aka bar iska ta wulwula ta fiye da ƙima gindinta yana lalacewa. Kafin a taɓa allo a dafa ƙarfen akwatin, musamman a hunturu lokacin da mayafi ke tartsatsi in an cire shi da dare, domin wannan ɗan tartsatsin ya isa kashe wani abu a allon. Fawa-fak a hura ta daga waje kawai, kada a buɗe ta, tana riƙe wuta ko bayan an cire waya. Ruwa kuwa ko kusa.

Akwai al'adar da ta zama ruwan dare a shagunanmu, a cire murfin gefe a kafa fankar tsaye tana busawa ciki. Ba zan ce ba ta aiki ba, a manyan akwatuna takan sauke zafi, kuma a ranar da aiki ya matse ni ma na yi. Amma akwatin an tsara shi ne kamar zaure mai ƙofa biyu: iska ta shiga ta gaba daga ƙasa, ta bi kan kayan, ta fita ta baya daga sama. A ƙananan akwatunan ofis har wata roba ake sakawa mai jagorantar iska kai tsaye zuwa hitsink, in aka buɗe gefe iskar sai ta watse, wasu sassan su rasa rabonsu. Ga ƙura da ke shiga ba shamaki, ga tsaka da kyankyaso masu son ɗumi. Na fi son a bar murfin, a tabbata fankar baya waje take turawa, domin na sha ganin an ɗaura ta a juye tana mayar da zafi ciki. Mai son tace ƙura ya yanki ƙyallen gidan sauro ya manna a ramukan gaba, da sharaɗin zai riƙa kakkaɓe shi duk mako, in ba haka ba ya toshe mata hanci da hannunsa.

Sauran duk sha'anin wurin zama ne, kuma ba ya cin ko sisi. A ɗauke ta daga ƙasa, inda ƙura da tsintsiya suke, a ɗora kan tebur. A bar taƙi guda tsakanin bayanta da bango. Kada a kulle ta cikin durowa, kada a jingina takardu a ramukanta. Zanen da ake lulluɓa mata saboda ƙura yana da kyau idan tana kashe, a yaye shi kafin a kunna. Mai hali ya sa silin ko da na tabarma ne, ya buɗe taga biyu masu kallon juna. Ɗakin ƙasa mai kaurin bango da kakanninmu suka gina ya fi shagon kwano dacewa da kwamfuta, ko da ba zai yi kyau a hoto ba. Aiki mai nauyi, irin haɗa bidiyon biki, a bar shi sai da safe ko bayan isha'i.

Game da saye, ra'ayina a fili yake. Samari suna ganin hotunan kwamfutoci masu sanyaya da ruwa da fitilu masu launi a intanet, su ɗauka maganin ke nan. Ruwan ma ɗaukar zafin yake ya kai wa wata ragar ƙarfe, kamar lagireton mota, fanka ta busa masa iskar ɗakin nan dai. Ga famfo da ke iya tsayawa, ga yoyo, ga shi babu kayan gyaransa a kusa. Wanda aikinsa buga takarda ne da cike fom, ya nemi kwamfuta mai ƙarancin cin wuta. Akwai ƙananan akwatuna masu firosesar wat 35, zafinsu kaɗan, kuma batirin sola zai daɗe yana ɗauke da su.

Kafin ka yarda a goge maka komai da sunan bairos, ka nemi a nuna maka lamba. Yawancin alluna suna nuna zafin firosesa a shafin BIOS, akwai kuma ƙananan manhajoji na kyauta irin su HWMonitor da Core Temp. Idan ba ta aikin komai kuma tana nuna 70, ko tana taɓa 90 da ɗan aiki kaɗan, matsalar a layin miƙon kwano take.

Ta ƙanena, da muka kunna ta kafin shara, tana zaune ba aiki tana nuna 78. Muka hure ta, muka rushe gidan zanzaro, muka sa sabon fes, ta sauko 49 a ɗakin nan guda. Ya mayar da ita Ruwan Bore, ya ɗora ta kan benci nesa da bango, ya shimfiɗa zana ƙarƙashin kwanon shagon. Har damina ta sauka ba ta sake ɗaukewa ba.